Kafin ku ƙara masara a tankin mota: buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ministoci da 'yan majalisun da ke tsara dokar gauraya etanol da fetur

Ya ku masu girma,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni malamin kimiyyar sinadarai ne. Ba ni da hannun jari a matatar mai ko a masana'antar etanol, ba ni kuma da gonar da za ta ci ribar tashin farashin hatsi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda na ga ƙasashe suna rige-rigen ɗaga adadin etanol, wato barasar da ake yi da hatsi ko rake, da doka ta wajabta a zuba cikin fetur. Indiya ta kai kashi 20 cikin 100 a 2025, Brazil ta ɗaga nata daga 27 zuwa 30 a shekarar, wasu kuma suna hangen nesa suna lissafin nasu. Kusan duk inda aka kawo irin wannan doka, akan rako ta da alkawari guda mai daɗin ji: wai amfani da hatsi na ɗan lokaci ne, nan gaba kaɗan da kara da ciyawa da totuwa za a riƙa yin man, ba za a taɓa abincin kowa ba. A kan wannan alkawarin nake roƙon ku ba ni aron kunne.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Duk shekara nakan sa ɗalibaina su jera kwalabe biyu a kan tebur. A ta farko mukan dafa garin masara har ya yi kauri cokali ya tsaya a ciki, sai mu ɗiga masa sinadarin amilas, wanda ke yanyanka sitaci ya mai da shi sukari. Kana kallo kaurin zai saki, ya koma ruwa tsululu. In ya huce sai a zuba yis, a ɗaure bakin kwalbar da balan-balan. A kwalba ta biyu mukan sa karan masara da muka niƙa, mu yi masa duk abin da muka yi wa garin, ba ragi. Washegari in ka buɗe ƙofa, warin tsami ne zai fara tararka. Balan-balan ta farko ta kumbura tana sheƙi, ruwan yana tsattsafo da kumfa. Ta biyu kuwa tana langwaɓe a gefen kwalba yadda aka bar ta jiya. Bayan mako guda abin da kawai ya tsiro a cikinta fumfuna ce.

Wata shekara na ce ba zan yarda kara ya kunyata ni a gaban yara ba. Na dafa shi cikin ruwan asid mai sauƙi, ya yi duhu, ya fitar da ƙamshi kamar na sukarin da ya ƙone. Na kashe ƙarfin asid ɗin, na zuba yis, na koma gida ina murna. Yis ɗin bai motsa ba. Zafin da ya fasa karan shi ne kuma ya haifar da furfural da 'yan uwansa, sinadaran da ke gurgunta yis. Ɗalibai suka yi mini dariya, ni ma na taya su. Amma daga baya na gane cewa abin da ya same ni a kwalbar rabin lita shi ne ya sami kamfanonin da suka zuba miliyoyin daloli.

Dalilin ba boyayye ba ne. Sitacin da ke cikin hatsi da selulos da ke cikin kara duk sarƙar sukarin gulukos ce, bambancinsu yadda aka ƙulla zoben sarƙar. Sitaci guzuri ne da tsiro ya ajiye wa ƙwayarsa, an yi shi ne don a kwance shi cikin sauƙi. Selulos kuwa gini ne, shi ke tsayar da kara a gaban iska da ruwan sama, ga hemiselulos ta nannaɗe shi, ga lignin ya daskare a kai kamar siminti. Kafin ka kai ga sukarin ciki sai ka fasa da tururi ko asid, ka sayi sinadaran narkarwa masu tsada, sannan ka tarar wani kaso mai yawa na sukarin zailos ne, wanda yis ɗin da aka saba da shi ba ya ci sai an sauya masa halitta. Wani abin sha'awa, yawancin waɗannan sinadaran narkarwa asalinsu daga wata fumfuna ce mai suna Trichoderma reesei, wadda aka gano tana cinye tantunan auduga na sojojin Amurka a tsibiran Solomon lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tun daga wancan zamani ake bibiyar yadda za a sa ta yi aiki da arha.

Kada a ɗauka ina ƙin etanol ne. Mai ne mai kyau ta wata fuskar. Ƙarfin oktan ɗinsa ya haura 100, yana hana inji ƙwanƙwasa, kuma aikin da a da ake yi da dalma mai guba, daga baya da sinadarin MTBE, yau shi ke yin sa a ƙasashe da dama. MTBE ɗin nan an kore shi ne bayan ya riƙa yoyo daga tankunan gidajen mai yana lalata ruwan ƙarƙashin ƙasa, jihar Kalifoniya ta haramta shi daga 2004, kuma korarsa ce ta buɗe wa etanol babbar ƙofa a Amurka. Haka kuma masana'antar ba ta cinye ƙwayar masara gaba ɗaya. In aka niƙa kilo 100, akan sami etanol kimanin lita 40, dusar da ta rage kimanin kilo 30 ta tafi ga shanu da kaji da aladu da furotin ɗinta, kusan irin wannan nauyi kuma ya fita a matsayin iskar kabon dayoksaid. Duk wanda ya yi lissafi bai cire dusar nan ba, bai yi adalci ba.

Amma ku ma ku yi lissafin nan da ni, ba ya buƙatar kwamfuta. Cika tanki mai lita 50 da zallar etanol na cin masara kimanin kilo 120. Kuzarin abincin da ke cikin wannan masara ya ishi babban mutum fiye da wata shida. Ga shi kuma lita ɗaya ta etanol tana ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku ne kawai na ƙarfin litar fetur, shi ya sa mai tuƙi da gaurayen kashi 10 yakan rasa kusan kashi 3 na tafiyar da ya saba yi. Sannan bayan yis ya gama aikinsa, abin da ke hannunka ruwa ne mai ɗan etanol a ciki. Sai an tafasa, an tace tururin, kuma tacewar takan cije a kusan kashi 96, ragowar ruwan sai an tsotse shi da wasu duwatsun sinadari masu ƙananan ramuka. Duk wannan wuta ce, kuma a Amurka galibi iskar gas ake ƙonawa. Ku haɗa da takin zamani da dizal ɗin tarakta, za ku ga dalilin da ya sa masana suka shafe shekaru suna jayayya kan ko ribar makamashin ta kai a yi tinƙaho da ita.

Yanzu ga tarihin alkawarin. A Disamban 2007 shugaba George W. Bush ya sa hannu kan dokar makamashi da ta ce zuwa 2022 Amurka za ta riƙa amfani da galan biliyan 36 na man tsirrai a shekara (galan ɗaya kusan lita 3.8 ne). An yi wa na masara iyaka a galan biliyan 15, aka ware galan biliyan 16 ga wanda za a yi da selulos. Wato masara gada ce, kara ne masauki. Na masara ya cika alkawarinsa da wuri, yau Amurka na yin kimanin galan biliyan 16 a shekara, abin da ke lashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar da take nomawa. Na kara fa? Dokar ta nemi galan miliyan 100 a 2010. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta zaftare shi zuwa miliyan 6.5, shi ma ba a samu ba. Da 2022 ta zo, adadin da hukumar ta tsayar bai kai galan biliyan 1 ba, kuma mafi yawansa ma ba etanol ba ne, iskar gas ce da ake tarawa daga juji da kashin dabbobi.

Ba don ba a gwada ba ne. A Satumban 2014 aka buɗe masana'antar POET-DSM a Emmetsburg ta jihar Iowa a Amurka da gagarumin biki, har Sarkin Holan Willem-Alexander ya halarta. A 2019 aka dakatar da sarrafawa. Ta Abengoa a Hugoton ta jihar Kansas an buɗe ta a Oktoban 2014, ba ta daɗe ba ta tsaya da uwar kamfanin ta faɗa cikin bashi a 2015. DuPont ta buɗe tata a garin Nevada na Iowa a 2015 da burin galan miliyan 30 a shekara, ta rufe a 2017, daga baya ta sayar. A Turai, Clariant ta fara aiki da karan alkama a Podari ta Romaniya a 2022, kafin ƙarshen 2023 ta sanar da rufewa. Waɗannan ba 'yan koyo ba ne, manyan kamfanoni ne masu ƙwararrun injiniyoyi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na bibiyi labarinsu shi ne, ba ilimin sinadarai kaɗai ya kayar da su ba. Abubuwan da manomi zai gaya maka kyauta ne suka fi wahalar da su. Kara ba shi da nauyi amma yana cin wuri, motar da za ta ɗauki hatsi mai yawa in aka loda mata kara rabin kayanta iska ce. Sau ɗaya ake girbi a shekara, injin kuwa kullum yake son ci, don haka sai an tara dammuna dubbai a fili, ruwa ya jiƙa wasu su ruɓe, wasu su kama da wuta. In an tattaro kara daga gona yakan taho da yashi da tsakuwa, su riƙa cin haƙoran injin niƙa suna toshe bututu. Injin da aka tsara ya yi aiki dare da rana sai ya koma yau tafiya gobe gyara.

Wani zai ce, to Brazil fa? Gaskiya ne, Brazil ta yi abin a yaba, amma ku duba da me ta yi. Ta ƙaddamar da shirin Proálcool a 1975 bayan tashin farashin mai na 1973, Fiat 147 mai amfani da zallar etanol ta fito a 1979, motoci masu shan kowane gauraye suka shigo kasuwa a 2003. Ginshiƙin shirin rake ne. Ruwan rake sukari ne tun daga gona, ba sai an dafa sitaci ba. Tuƙar da ta rage bayan matsewa ita ake ƙonawa ta ba masana'anta tururi da lantarki, har a sayar da rara. Shi ya sa ribar makamashin rake ta ninka ta masara sau da yawa, kuma hekta ɗaya ta fi ba da lita. Ko etanol na selulos da ya ɗan tsaya da ƙafarsa, irin wanda kamfanin Raízen ke yi a jihar São Paulo, ya ci albarkacin cewa tuƙar tana tsakar masana'anta tun farko, ba wanda ya biya kuɗin yawon tattaro ta. Duk da haka Brazil ma ta sha nata: a 1989 da 1990, da sukari ya yi daraja a kasuwar duniya mai kuma ya yi arha, etanol ya yi ƙaranci a gidajen mai, masu motocin da ba sa shan komai sai shi suka yi ta layi, kasuwar irin motocin ta durƙushe na tsawon shekaru. Wanda ya kwafi adadin Brazil ba tare da rakenta da filinta da ruwanta ba, ya ari riga ne bai duba wuyanta ba.

Mu zo kan abinci, inda zafin yake. A Janairun 2007 dubban mutane suka fito zanga-zanga a birnin Meziko saboda tsadar abincinsu na masara. A Oktoban shekarar, Jean Ziegler, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin samun abinci, ya kira mai da gonakin abinci na man mota laifi ga bil'adama, ya nemi a dakatar na shekara biyar. Ni a ganina ya zafafa. Tsadar 2007 da 2008 uwaye da yawa gare ta: tashin farashin ɗanyen mai, fari a Ostireliya, ƙasashen da suka rufe iyaka suka hana fitar da shinkafa da alkama. Har yau masana tattalin arziki ba su daidaita kan kason etanol a ciki ba. Amma abin da ya faru a 2012 ya fi bayyana matsalar. Fari mai tsanani ya afka wa yankin masarar Amurka, farashi ya yi sama, shugaban Hukumar Abinci da Noma ta Duniya na lokacin, José Graziano da Silva, ya roƙi a sassauta dokar gaurayen, gwamnonin wasu jihohi masu kiwo ma suka roƙa. A Nuwamba hukumar muhallin Amurka ta ce a'a, bisa hujjar cewa sassaucin ba zai sauya farashi sosai ba.

Ko hujjarta ta yi daidai a wannan shekarar ko ba ta yi ba, ku lura da siffar abin da kuke ƙirƙira. In hatsi ya yi tsada, mai kiwon kaji yakan rage kaji, uwar gida takan rage awo, ɗan kasuwa yakan jinkirta saye. Dokar gauraye kuwa mai saye ce da ba ta ciniki. An rubuta mata adadi, sai ta cika shi, damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Duk ragin da ya wajaba a shekarar ƙunci sai ya faɗa kan sauran masu saye, kuma a cikinsu wanda ya fi saurin janyewa shi ne wanda aljihunsa ya fi rauni, sau da yawa a wata ƙasa mai nisa da ba ta san an yi dokar ba. Indiya ta ɗanɗana wani abu makamancin haka: da ta taƙaita amfani da ruwan rake wajen yin etanol a ƙarshen 2023 don kare sukari, sai masana'antu suka karkata ga masara, masu kiwon kaji suka fara kukan tsadar abincin kaji.

Batun hayaƙi mai dumama duniya ba zan daɗe a kansa ba, don hukunci bai faɗi ba. Binciken Timothy Searchinger da abokansa a mujallar Science a 2008 ya nuna cewa in aka lissafa dajin da makiyayar da ake sharewa a wani wuri don cike gurbin hatsin, ribar na iya komawa asara. Na Tyler Lark da abokansa a 2022 ya ce etanol ɗin masarar Amurka bai fi fetur tsafta ba, wataƙila ma ya fi shi illa da aƙalla kashi 24. Masanan cibiyar binciken Argonne ta gwamnatin Amurka sun musanta, lissafinsu ya ce ya fi fetur sauƙin hayaƙi da sama da kashi 40. Tarayyar Turai dai ta ɗauki matakin taka-tsantsan a 2015, ta yi wa man da ake yi da amfanin gona iyaka a kashi 7 na makamashin sufuri. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne takin da ruwa ke wankewa daga gonaki ya bi kogin Misisipi, ya haifar da yankin da kifi ba ya iya rayuwa a mashigin tekun Meziko, wanda a 2017 faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 22,000.

Akwai kalma ɗaya da nake roƙon ku daina bari a faɗa muku ba ku tanka ba, wato “shara”. Kara ba shara ba ne. Wanda aka bari a gona shi ke rufe ƙasa daga iska da zaizayar ruwa, shi ke riƙe danshi, shi ke ruɓewa ya koma taki. A wurare da yawa shi ne abincin dabbobi har damina ta dawo. Ana iya ɗibar wani kaso inda amfanin ya yi yawa ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, amma in aka share tas shekara bayan shekara, ƙasar ce za ta biya kuɗin man. Inda na ga hujjar ta yi ƙarfi shi ne wurin da ake ƙone ragowar a fili, kamar karan shinkafar arewacin Indiya da hayaƙinsa ke turnuƙe Delhi, wanda saboda shi aka buɗe masana'antar etanol a garin Panipat a 2022. Can ko ribar ta yi kaɗan, an rage wata cuta.

Don haka, ranku ya daɗe, ga roƙona. Duk dokar gaurayen da za ku zartar, ku sa mata ƙofar da za ta buɗe da kanta: in ajiyar hatsi ta faɗi ƙasa da wani mizani da kuka bayyana tun farko, adadin ya sauka ba sai an jira wani jami'i ya ga dama ba, domin a ranar ƙunci masu masana'anta sun fi mai jin yunwa kusa da ofishinku. Ja da baya ba abin kunya ba ne. Sin ta sanar a 2017 cewa za ta wajabta gaurayen kashi 10 a faɗin ƙasar zuwa 2020, da ta ga rumbunan masararta suna raguwa sai ta jingine shirin. Tallafin da za ku bayar kuma ku rubuta masa ranar ƙarewa. Amurka ta bar rangwamen harajin santi 45 kan kowane galan ya mutu a ƙarshen 2011, masana'antar ba ta mutu ba. Ku ci gaba da ba masu bincike kuɗi kan selulos, ni ma ina fatan wata shekara balan-balan ta biyu ta tashi a gaban ɗalibaina. Amma kuɗin bincike daban, adadin da za a ɗora wa ƙasa a doka daban.

In kuma wani ya zo muku da zane mai launi yana cewa masara ta ɗan lokaci ce, ku tambaye shi sunan masana'anta guda da ke yin etanol da kara, ku ce ya kawo littafin aikinta na shekarar da ta wuce: kwana nawa injin ya yi yana juyawa, lita nawa ta fito, nawa aka kashe kan kowace lita in an cire tallafi, kuma kaso nawa na karan aka bar wa gonar. Ku ajiye alƙalamin har sai ya dawo da littafin.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin kimiyyar sinadarai